Ranar Da Mai Gida Ya Ɗauko Ƙofata A Ka

Mai gidan hayarmu ya cire min ƙofar ɗaki saboda na ƙi shi. Wannan abu ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

A Bwari ne, bayan rasuwar mijina. Tuwo nake sayarwa a bakin hanya, ni da 'yata a ɗaki ɗaya. Mutumin ya fara da gaisuwa, ya koma leƙe, daga baya ya fito fili. Ya tare ni a bakin rijiya ya ce, "Madam, mace ba ta zama haka kawai. Ki riƙa bar min ƙofa a buɗe, ki zauna lafiya." Na ce, "Oga, ɗaki na kama, ba miji ba." Ya kamo hannuna, na fizge.

Da na dawo daga kasuwa sai na tarar ba ƙofa. Haka wasu masu gidaje suke yi a nan in suna son mutum ya tashi: su cire ƙofa ko kwanon rufi, kunya ta kore shi. Na rataya tabarma, na yi shiru. A lokacin gani nake kotu ta 'yan boko ce.

Yawancin masu cin tuwona ɗaliban makarantar lauyoyi ne. Wata a cikinsu ta biyo ni gida karɓar abinci, ta ga tabarma. "Mama, ina ƙofa?" Na faɗa mata komai, ban rage ba. Yarinyar nan ta miƙe tsaye tana tafa hannu. "Mama, laifi biyu ya yi! Doka ta hana a matsa wa mace da neman lalata, ko mai gida ne ko oga a wurin aiki. Kuma ba mai fitar da ɗan haya sai kotu." Ta kai ni wurin wasu lauyoyi mata masu taimako kyauta, suka shigar da ƙara.

Da sammaci ya iso, sai ga dattawan unguwa. Babbansu ya ce, "'Yata, a yi sulhu a gida. Ke mace ce, sunanki ne zai ɓaci." Na ce, "Baba, da aka cire ƙofar ba wanda ya zo. Ku gai da gida."

A kotu da Hausa na yi magana, aka fassara. Na faɗi komai yadda ya faru. Can sai wata maƙwabciyata ta ce ita ma za ta ba da shaida, haka ya yi mata. Wata ma ta tashi! Ashe kowacce ta ɗauka ita kaɗai ce. Alƙali ya ce mai gidan ya mayar da ƙofa a ranar, kada ya kore ni, kada ya sake kusantar ɗakina, in ya saɓa ɗauri ne.

Kafintan da aka kira ya ɗora ƙofar ya ce shi ba ɗan dako ba ne. Oga da kansa ya ɗauko ƙofar a ka, yana gumi, yana kallon ƙasa. Matan gida suka ɗauki guɗa, ɗalibai suna ihu, "Mama ta ci! Mama ta ci!" Ni da ba na dariya, ranar na yi ta har sai da na zauna a ƙasa. Tuwon ranar kyauta na raba shi.

Abin da na koya: irin waɗannan mutane da shirunmu suke ƙarfi, kuma doka ba ta tambayar ko ka yi makaranta. Har yau ina Bwari. Na tashi daga gidan don kaina, ina da rumfata, 'yata tana sakandare.