Takardar da Anti Ta Manna a Ƙofa

Shekara goma sha tara ke nan tana aiki a laburaren jami'a, a teburin da ke kusa da tagar da ba ta rufuwa. Ɗalibai na kiran ta Anti Shiga-Shafi, domin kowace tambaya aka kawo mata, sai ta fara da cewa, "Ka shiga shafin?"

Shafin jagora ne da ta haɗa wa ɗaliban aikin jinya a intanet. Yana nuna kantar da kowane littafi yake, da mujallun da za a buɗe da dannawa ɗaya. Wata huɗu ta yi tana haɗa shi, har maigidanta ya koyi dafa wa kansa shayi. A farkon zangon karatu ta buga shafin a takarda ta manna a ƙofa, don a san da shi.

Da zango ya yi nisa, shugaban laburare ya kira ta ya juyo mata da kwamfutarsa. Sau goma sha ɗaya aka buɗe shafin.

"Bakwai daga ciki ni ce, ranka ya daɗe," in ji ta.

"To kin gani. In bai kai ɗari ba zuwa ƙarshen wata, za a sauke shi."

Abin ya ɗaure mata kai, domin kullum ɗalibai na neman littattafan da ta jera, bi da bi. Sai ta tare wata ɗaliba ta tambaye ta inda ta samo sunayen. Ɗalibar ta zaro takarda duk ta koɗe.

"Wajen mai fotokwafi, Anti. Duk ajinmu kowa na da ita."

"Waɗannan da aka ja wa layi fa, me kuke yi da su?"

"Ai mun haddace. Ba su za su fito a jarrabawa ba?"

"Dannawa ake yi, 'yar nan! Dannawa!"

Ɗalibar ta dubi takardar, ta dubi Anti. "A ina?"

Anti ko jakarta ba ta ɗauka ba, ta nufi shagon. Mai fotokwafi ya tarbe ta da fara'a.

"Hajiya! Wallahi takardarki ta fi ta kowane malami tafiya."

"Malam, ba ni ita."

Ta karɓe ta, ta bar masa wata da ba komai a jiki sai adireshin shafin. Ta dawo ta yage ta ƙofa. Mako biyu ɗalibai na zuwa suna ƙorafi wai an ɓoye musu karatu, ita kuwa ta zaunar da su ɗaya bayan ɗaya ta nuna musu inda ake dannawa.

Ranar ƙarshen wata adadin ya kai ɗari biyu da goma sha huɗu. Shugaba ya ce shafin ya tsira.

Litinin da safe wani ɗalibi ya tsaya a teburinta da sabuwar takarda, shafin ne cif, har da gyaran da ta yi ranar Alhamis.

"Ka shiga shafin?"

"Wani ya shigar mana, Anti."

Ta cire tabarau ta ajiye, ta jawo masa kujera. "Zauna."