Damina biyu da ta roƙa

Gonar da mahaifinmu ya bar mana a Dayi, ni da yayana, mu muka kashe ta da hannunmu. Shekara uku a jere muna sa a kawo mana jujin gari a tifa, muna murna mun sami taki. Mun ɗauka irin jujin da ne, na toka da kashin awaki. Ashe rabinsa leda ce. Ka sa fartanya ka ɗago leda. Masara ta tsaya iya gwiwa ta yi ja. Yaya ya ce a sayar, kowa ya kama gabansa.

Matata, Allah Ya jiƙanta, ita ta roƙe shi ya ba ta damina biyu.

Tana da rumfa a bakin titi, tana sayar da alale da ɗanwake. A wannan makon ta daina ƙulla abinci a leda. Ta koma ganyen ayaba da take karɓowa wajen masu lambu. Sai ta ɗan nuna wa ganyen wuta ya yi laushi kafin ta naɗe, don kada ya yage. Ta ajiye kwando kusa da benci, wanda ya ci a wurin ya jefa ganyensa ciki.

Direbobi suka sami abin tsokana.

"Hajiya, alale muka saya ko harawa?" in ji wani.

"Ci alalenka ka bar mini harawar, ina da mai ci."

Masu babur kuwa suka fara wucewa, wai ganye ba ya ratayuwa a hannun mashin. Ta samo kaba ta riƙa ɗaure ƙunshin da ita, ta bar kunnen ratayewa. Wasu suka dawo, wasu ba su dawo ba.

Bayan la'asar takan kai kwandon ramin da ta sa aka haƙa bayan gida. Ganye, ɓawon wake, ɓawon albasa, tokar murhu, kashin awaki, sai ta yayyafa ruwan wankin wake. Duk mako biyu ta juya da shebur. Ba ta taɓa tukunya sai ta yi wanka ta sauya zane. Ni dai kunya nake ji ana cewa mai abinci tana wasa da shara. Abin da na yi kawai shi ne tsintar leda a gona.

Daminar farko takin bai rufe rabin gonar ba, amma daga hanya kana gane inda ya kai. A ta biyu, masara ta fara goyo ciwo ya kwantar da matata. Ba ta ga nunarta ba.

Bayan kwana arba'in da rasuwarta Yaya ya ce mu je gona. Ya tsuguna ya tura hannu cikin ƙasa, ya damƙo ta baƙa, ya murza. Ya daɗe bai tashi ba.

"A bar ta," ya ce.

A hanyar dawowa ya tambaye ni wanne take fara zubawa a ramin, ganye ko toka. Na ce ban tabbata ba. Ya ce to gobe mu tona gefe mu duba.