Rabin Goron Wanda Ake Ƙara

An kore ni daga injin matsar gyaɗa, wai na saci mai, kuma ba wanda ya tambaye ni komai. Manajan kuwa bai daɗe da dawowa daga kwas ɗin koyon bincike a Katsina ba. A zamanin shari'ar nan, a kira mutum ɓarawo ba wasa ba ne. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Jiya a tashar Zango na ji ƙas ɗin ɓara goro, sai marigayi tsohon shugabanmu na wurin aikin ya faɗo mini a rai. In aka kawo masa ƙara, yakan ɓara goro, ya ba mai ƙara rabi, ya ajiye rabi a kan buzunsa. "Wannan na wanda ka kawo ƙararsa ne," yakan ce. "Ba na magana sai ya zo ya ci." Ni ma an taɓa kai ƙarata. Na dawo daga ƙauye na tarar da rabina har ya yanƙwane, yana jirana.

Yau na tare manaja a bakin ofis. Na ce, "Yallaɓai, ka yanke hukunci ba ka ji bakina ba. Allah ya haskaka kabarin wanda yake jira. Kai kuma mu haɗu gaban wanda zai saurare ni."