Shanyar Barkono a Kan Soron Dagumawa

Wata Asabar ce bayan Babbar Sallar bara waccan, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a falon gidan yayana da ke Wudil. Mu uku ne: ni, da shi, da 'yarsa ta biyu, wadda ke karatun digiri na biyu a fannin kwamfuta a jami'ar garin. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, saboda haka Uwata yake kiranta. Ranar ce ta fara ɗaura masa tabarau ɗin.

Tabarau muke ce masa don ba mu da wani suna, amma ɗan akwati ne da ake ɗaurawa a fuska ya rufe idanu ruf. Wanda ya sa shi sai ya ga kansa zaune cikin jirgin sama, duk inda ya juya kai ya ga abin da ke wannan ɓangaren. Binciken da take yi ke nan: yadda za a sa mai koyon tuƙi ya manta cewa a ɗaki yake.

Yaya ya yi shekaru yana tuƙa ƙaramin jirgin feshi, irin wanda ake yaƙar tsuntsayen jan-baki da shi idan sun faɗa wa gero da shinkafa. Ya daɗe da ajiye aiki. A shekarar da nake magana, hawan jinin ido ya riga ya cinye gefen ganinsa, saura tsakiya, kamar mai leƙe ta bututu, kuma likita ya gaya masa cewa sauran ma tafiya yake yi. Bai yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ya nema a wurin 'yarsa: kafin idon ya rufe, yana son ya sake ganin gidanmu na Dagumawa daga sama.

Ya cire hularsa, ya zauna a kujerar roba, ya yi bismilla, ya karanta addu'ar hawa abin hawa. Ba wanda ya yi dariya. Mu muna kallon abin da yake gani a allon kwamfuta. Ya kama sandar tuƙin da ta ɗaure a jikin tebur, ya tashi daga filin jirgin Kano ba gargada, ya bi titi har ya hango kogi da gada, sannan ya karkata wajen Dagumawa. Nan ya fara zagaye. Ya zaga, ya sake zagawa.

"Uwata, wane gari ne wannan?"

"Dagumawa ce, Baba."

"In ji wa?"

"Hoton tauraron ɗan'adam ne."

"To ki gaishe shi. Bai taɓa zuwa garinmu ba."

Ta ɗauka jikinsa ne bai yarda ba, domin ido kaɗai aka ba shi. Sai ta shiga gyara, Asabar bayan Asabar. Ta ɗaure sifika a ƙarƙashin kujerar don ya ji rugugin inji a bayansa. Ta ajiye fanka a gefensa na hagu, inda ya ce tagar jirginsa ba ta taɓa rufuwa sosai ba. Ta tambaye shi ko ta nemo warin mai da na maganin feshi, ya ce wannan kam ya yafe. Ya yaba duk abin da ta ƙara, ya kuma ce saura murya a kunne, domin matuƙi ba ya tashi sai mutumin hasumiyar filin jirgi ya ba shi izini.

Wannan aikin ni aka ba. A gidan rediyo na yi rayuwata, kuma abin da aka koya mana shi ne kada harafi ɗaya ya faɗi ƙasa. Na rufe ɗaki, na rataye barguna, na karanta Turancin hasumiyar da ya rubuta mini, kowace kalma da haƙƙinta. Da aka kunna masa, ko titin tashi bai kai ba ya ɗaga hannu.

"Wane ne wannan?"

"Baffa ne," in ji ta.

"Na ji ai. Labaran duniya yake karanta mini. Kai ɗan jarida, mutumin hasumiya ba ya jiran ka fahimta. Jirage ne a kansa, rabin magana yake haɗiyewa."

Na koma na sake, cikin sauri, ta tsohuwar waya, ina taune ƙarshen kalmomi. Ban taɓa yin aikin murya mai wuya kamar wannan ba. Ita kuma ta zuba masa shuu irin na rediyon da bai kama tasha sosai ba. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, "Yauwa. Yanzu ka lalace yadda ake so."

Amma gida bai samu ba. Ta ce hotunan ne suka yi dishi-dishi, ta aro ƙaramin jirgi maras matuƙi mai ɗaukar hoto, ta je Dagumawa ta ɗauko garin lungu-lungu. Da ta haɗa, har darbejiyar bakin masallaci ana iya ganin inuwarta. Yaya ya tashi, ya isa, ya tarar da rufin kwano yana ta ƙyalli ko'ina. Soron da aka haife mu a ciki ya rushe tun wata damina mai ruwa, 'yan'uwa suka tayar da ginin bulo a wurin. Ya san da haka, kowace Sallah yana zuwa gaisuwa, amma a ƙasa ya sani.

"Baba, ga shi nan ƙasanka," in ji ta, "na uku daga masallaci."

"Ni ban taɓa ƙirga gidaje ba," ya ce.

Ya cire tabarau ɗin ya miƙa mata, ya ce zai je ya yi alwala. Na lura sai da ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya gano inda ƙofa take. Ita ma ta lura. Ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Baffa, ban san me ya rage ba. Na tambaye shi, ya ce ba komai."

Ran Juma'ar da ta biyo baya na ratsa ta bakin kasuwa, na ga wani mai kayan miya ya baza barkono a kan buhu yana shan rana. Na tsaya a wurin har wani ɗan acaba ya yi mini hon.

Yaya ne ɗan farin Inna. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama su yi hira, idan ya zo gida ya durƙusa ya gaishe ta, amsawa take yi tana kallon wani wuri. Haka iyayenmu mata suke da ɗan fari. Amma duk kaka, idan aka fara maganar jan-baki sun sauka a gonakin gabas, sai ta cika ƙwarya da barkono ta miƙo mini, ta ce a kai shi kan soro ya sha rana. Ina makarantar firamare lokacin. In hau tsani, ita kuma ta tsaya a tsakar gida tana ba da umarni: ɓangaren gabas, domin azarar yamma ta yi rauni, kuma a ja shi dogo kamar an shanya zane. Sau da yawa barkonon ya riga ya bushe ƙayau. Shi ɗin dai ne yake hawa yana sauka har ya koɗe, maƙwabta suna tsokanarta da cewa barkononta ba ya jin rana. Can da hantsi sai mu ji ƙarar jirgi ta taso daga wajen kogi. Ya yi ƙasa-ƙasa, ya kwantar da fiffike sau ɗaya, ya wuce. Ba ta taɓa cewa don shi take yi ba. Shi ma bai taɓa ɗauko maganar ba, har ta rasu.

Na ba 'yarsa wannan labari a ƙofar gida. Ba ta taɓa jin sa ba. Ta ce, "Baffa, ai wannan ba ya cikin taswira. Malamaina za su ce ƙirƙira na yi." Na ce ba don malamanta za ta yi ba. Ta sayo barkono, ni na baza shi a kan tabarma, ta hau kujera ta ɗauki hotonsa daga sama. Na zana mata soron a ƙasa da tsinke, inda zanko yake da inda indararo yake. Ta cire ginin bulon, ta dasa gidan ƙasa guda ɗaya a tsakiyar kwanukan nan.

Ba mu gaya masa ba. Asabar ta zo, an fara yankan gero a lokacin. Ya yi addu'arsa, lalatacciyar muryata ta ba shi izini, ya tashi. Titi, kogi, gada. Da ya iso Dagumawa sai ya riƙa juya kai a hankali, yana share garin da ɗan ganin da ya rage masa. Can kansa ya tsaya. Ba abin da ake ji sai fanka da rugugin sifika. Ya tura sanda, jirgin ya yi ƙasa, ya kwantar da fiffiken hagu sau ɗaya, kafaɗarsa ta bi, har ƙafar kujerar ta ɗaga. Bai zaga ba. Ya miƙe gabas kamar mai zuwa aiki, ya yi ta tafiya har taswirar ta ƙare.

Da ya cire tabarau ɗin, ya daɗe yana goge fuska da hularsa.

"Kai ka baza shi?" ya tambaye ni.

"Ni ne, Yaya."

"Na gane. Har yau taruwa yake yi maka a gefe ɗaya."

Ya juya wajen 'yarsa ya sa mata albarka. Bayan ta fita da kayanta, ya kira ni kusa, ya rage murya.

"Inna takan fito ta duba?"

Na gaya masa abin da na gani. Ba ta taɓa ɗaga kai ba. Amma idan tana daka, takan tsayar da taɓarya a cikin turmi har sai ƙarar ta ɓace.

Ya ce, "To."

Ya ci gaba da tashi kusan kowace Asabar har zuwa azumi, lokacin da ya daina bambance ja da ruwan ƙasa. 'Yarsa ta miƙa aikinta da taswirar da babu soron a ciki, ɗayar kuwa tana nan a kwamfutarta. Barkonon da ta sayo, matarsa ta daka shi yaji, a gidan aka cinye shi.