Ranar da na yi wa Baba Isiyaku tafinta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni daga Kiru, wai Baba Isiyaku mai feshi ya rasu. Har an kai shi.

Ko jana'iza ban samu ba.

Tare muka yi aiki a wata gonar citta a Doguwa, wadda ake fitar da kayanta ƙasashen waje. Shi ya koya min duba inda iska ta nufa kafin in fara feshi. In ya ga ban zo da abinci ba, sai ya ce wai ya ƙoshi, ya turo min kwanonsa.

Wata shekara masu sayen cittar suka turo baƙi, har da wata Baturiya, tare da 'yan ƙungiyar ƙwadago, su ga yadda ake riƙe ma'aikata. Da safe manaja ya raba mana safar hannu da takunkumi sababbi fil. Kowa ya san da yamma za a karɓe.

Ni aka sa tafinta, saboda ɗan turancina na sakandare.

Baba ya miƙe ya ce, "Gaya musu kayan nan na aro ne."

Manaja ya zuba min ido. Sai na ce musu wai godiya yake yi.

Baba ya cire safar, ya miƙa musu hannuwansa da magani ya ƙone.

Masu saye suka kafa sharaɗi, tun daga nan ba a sake karɓe kayan ba. Shi kuwa da damina ta dawo ba a kira shi aiki ba. Mu ma muka riƙa kauce masa, kada a gan mu tare.

Bara na je na same shi a zaure, shi kaɗai, yana tari. Gafara na je nema, bakina ya yi nauyi. Da zan tafi ya ce, "Sani, ran nan na ga Baturiyar ta yi murmushi, na san ba maganata ka faɗa ba. Kana da iyali, ban riƙe ka ba. Amma da kana ɗan leƙo ni."

Na ce zan dawo da sallah. Ban koma ba.

Yau na faɗi rasuwarsa a gona, sababbin ma'aikata suka ce, wane ne shi? Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na yau ba.

Allah Ya jiƙanka Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ya kira sunansa a ciki: Isiyaku.