Ta'aziyya a Aji Uku

Har gobe ina tuna ranar da labarin rasuwar Malam Habu ya iso makarantarmu a Gwaram. Muna ɗakin malamai, shugaban makaranta yana ta faɗa a kansa, sai ga ɗan acaɓa daga Basirka, ya ce an yi jana'iza da hantsi. Shugaba ya ce, "Allah ya jiƙansa. Da ma mutumin kirki ne."

Ga abin da ake faɗa a kai. Malam Habu ke koyar da adabin Hausa a aji uku na babbar sakandare. Littafin jarrabawa mutane sun yi yawa a cikinsa, kwafinmu kuma ɗaya ne, yara sun kasa riƙe wane ne kawun wa. Sai ya ba kowane ɗalibi mutum guda daga littafin, ya zaunar da su gida-gida. In wani ya mutu a labarin, a ajiye karatu a yi ta'aziyya, kowa ya gaida wanda ya kamata da sunan da ya kamata. Wanda ya kira surukinsa "yaya", an kama shi.

Ana cikin haka wata rana sufeto ya shigo daga Birnin Kudu. Ya tuɓe takalmi, ya shafa fatiha tare da su, har yana tambayar ranar sadakar uku. Da ya gane mamacin na cikin littafi ne, ransa ya ɓaci.

"Ina wannan yake a manhaja?"

"Ranka ya daɗe, suna ganewa."

"Ban tambaye ka ganewa ba. Ina kwalinka?"

Aka sayo kwali, aka zana akwatuna da kibiyoyi, aka manna can saman allo, inda sai mai tsani zai karanta. Sufeto ya ɗauki hoto ya tafi. Malam Habu ya ci gaba da ta'aziyyarsa. A aikinmu, abin da ya fito a hoto shi aka koyar.

Bayan rasuwarsa, ni aka ba ajin, da umarnin kowa ya koma kujerarsa ta da. Na faɗa musu. Monitan ajin, Sani, da ke zaune shi kaɗai, ya ɗaga hannu.

"Malam, ni fa na tafi fatauci. Marigayi ya ce kada in koma gidanmu sai littafi ya dawo da ni."

Na bar su yadda suke.

Jarrabawa na matsowa. Littafin yana cikin kayan marigayi, matarsa na takaba, ban iya tambaya ba tukuna. Sani bai koma gida ba.