Ranar da Muka Ɗaga Hannu a Kan Baba Ajayi

Har gobe ba na mantawa da ranar da muka raba Baba Ajayi da shagonsa, ba tare da ya yi wa kowa laifi ba.

Lokacin ni ne sakataren ƙungiyarmu ta teloli a unguwar Gwallaga, cikin Bauchi. Aikin sakatare shi ne rubuta abin da aka tattauna, da riƙe kundin dokoki, da karanto sashen da ya dace idan gardama ta tashi. A kundin akwai dokar da kowa ya sani: duk shagon da ya zama babu kowa a layinmu, wanda ya fi daɗewa a sana'a ake bai wa. Ta haka Baba Ajayi, Bayarabe da ya tsufa a Bauchi, ya samu shagon bakin titi, inda aiki ya fi shigowa.

Ana saura mako uku sallah, shugabanmu Alhaji Sabo ya kira taron gaggawa. Surukinsa ke son shagon, amma ba haka ya faɗa ba. Cewa ya yi a bari jama'a su zaɓi wanda zai riƙe shagon.

Na miƙe da kundin a hannu na ce, "Ranka ya daɗe, doka ta riga ta yanke. Wannan ba abin ƙuri'a ba ne."

Ya yi murmushi. "Malam Sakatare, zamanin dimokuraɗiyya muke ciki. Abin da masu rinjaye suka so, shi ne doka."

Aka ɗaga hannu. Har waɗanda Baba ya koya wa yankan kaftani suka ɗaga, suna kallon ƙasa. Mu uku kaɗai muka ƙi.

Baba Ajayi bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, da irin Hausarsa, "Malam, takarda ya ce nawa ne. To me ya sa aka rubuta shi?"

Na zauna na rubuta hukuncin, na kuma sa hannu, don ina tsoron a tsige ni. Kashegari ya ɗora kekunan ɗinkinsa a bayan motar haya ya koma ƙauyen Inkil. Na je gaishe shi sau ɗaya, na tarar da shi yana yi wa manoma facin wando.

A makaranta an koya mana cewa ƙasarmu jamhuriya ce mai bin dimokuraɗiyya, na ɗauka kalmomin biyu abu ɗaya ne. A taron nan na gane. Dimokuraɗiyya yawan hannuwa take dubawa. Jamhuriya kuwa cewa take akwai dokar da ko shugaba, ko taron jama'a, ba su isa su tsallake ta ba, don a kare wanda ba shi da kowa.

Ku da za ku riƙe kundi bayanmu, ku sani doka ba ta da baki, sai na sakatare. Nawa ya buɗe sau ɗaya, sannan ya yi shiru.